Ƙafar Hagu: Inda Kuɗin Direba Ke Ƙonewa Bai Sani Ba

Ƙarfe 5 na yamma a hawan gadar sama ta Ƙofar Nassarawa a Kano, motoci sun yi cirko-cirko, ba gaba ba baya. Wata Golf ta haya maƙil da fasinja, an ɗaure mata buhuna da igiya a baya, ta tsaya a tsakiyar hawan. Direban bai taka birki ba, bai ja birkin hannu ba. Ya sa lamba ɗaya, ya ɗago kuloci rabi, yana ɗan ba ta wuta. Motar sai lilo take yi, ta matsa gaba taku guda, ta dawo baya taku guda.

Ba a yi minti 3 ba wani ƙauri ya fara shigowa ta taga, irin na tsumma da roba idan sun haɗu a wuta. Fasinjoji suka shiga toshe hanci suna waige-waige, wasu na zaton shara ake ƙonawa a ƙarƙashin gada. Direban ya san ƙaurin, domin ba yau ya fara jin sa ba. Faifan kulocinsa ne ke cin wuta, kuma ƙafarsa ta hagu ce ke hura ta.

Duk mai bin titin Mararraba zuwa Nyanya da safe, ko Kawo a Kaduna da yamma, ya san wannan ƙauri. A da, lokacin da kayan gyara ke da araha, ana ɗaukar mutuwar kuloci tamkar fashewar taya, abin da ya zo sai a yi haƙuri. Yanzu lissafi ya sauya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000 a wurare da dama. Darajar naira ta faɗi, kayan mota da kusan duka daga waje ake shigo da su suka yi tashin gwauron zabo. Direbobi suka shiga neman dabarun tsimi, kuma abin takaicin shi ne da yawa daga cikin dabarun nan su ne ke kashe kuloci da giyabos. Ɗaya daga cikinsu ma rai take ci.

Daga Fijo zuwa motocin Kwatano

Arewa ta yi wayo ne da mota mai giyar hannu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma Fijo 504 ta ci gaba da fitowa daga can har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Ita ce motar ma'aikaci, ita ce motar gwamnati, ita ce motar tasha mai zuwa Jos da Maiduguri. Duk wanda ya koyi tuƙi a wancan zamani da ƙafa biyu ya koya.

Da motocin Kwatano suka cika gari, waɗanda ake kwasowa daga Turai ta tashar ruwan Jamhuriyar Benin, akasarinsu ma masu giyar hannu ne: Golf, Sharon, Vectra, Starlet. Otomatik ta yawaita ne da shigowar gwanjon Amurka, ƙasar da cikin sababbin motoci 100 da ƙyar ake samun 2 masu kuloci. Yau ɗan boko a Abuja zai iya shekara 10 yana tuƙi bai taɓa taka kuloci ba.

Amma motar da ke ciyar da mutane ba ta sauya ba. Hayis ɗin tasha, Hilux mai shiga ƙauye, tifa, tarakta, tirela, da motocin da ke ratsa sahara daga Agadas, yawancinsu da kuloci suke tafiya. Hatta Adaidaita Sahu kuloci gare ta, sai dai nata a hannun hagu yake. Saboda haka maganar ba ta masu sha'awar tsohuwar mota ba ce. Maganar abincin dubban gidaje ce.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafa

Mutane da yawa sun shekara 20 suna taka kuloci ba su taɓa ganin cikinsa ba. Ni ma sai da na tsaya a gareji aka sauke giyabos a gabana sannan na fahimci abin da ƙafata ke yi.

A bayan inji akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi, kanikawa na kiransa filawil. A jikinsa faifan kuloci ke kwanciya, wani faranti mai fata a fuska biyu, irin fatar birki, wanda ke haɗe da giyabos. A bayan faifan kuma akwai murfi mai ƙaƙƙarfan sifirin da ke matse shi da filawil. Idan ƙafarka ba ta kan kuloci, ukun nan sun zama abu guda, ƙarfin inji yana wucewa kai tsaye zuwa tayoyi, ba abin da ke gogar wani. Idan ka taka har ƙasa, wani ƙaramin boris yana danna sifirin, murfin ya saki faifai, inji ya rabu da giya. Nan ma ba guga.

Tsakanin waɗannan biyu ne ɓarna take. Idan kuloci yana rabi, filawil yana gudu, faifai yana bin sa a hankali, fuskokin suna gogar juna da ƙarfi kamar dutsen niƙa. Duk ƙarfin injin da bai kai ga taya ba zafi yake zama. Fatar faifan kuwa duka kaurinta bai kai santimita 1 ba, kuma abin da za a iya cinyewa kafin a kai ga ƙusoshin da suka riƙe ta 'yan milimita ne. Ita ke nan jarin. Mai tattali zai kai kilomita 150,000 ko fiye da faifai guda. Mai wasa da shi zai iya gamawa da shi kafin 30,000.

Ba yadda za a yi mota ta tashi ba tare da an ratsa ta wannan tsakiyar ba. An ƙera kuloci don haka. Sai dai wuri ne na wucewa, daƙiƙa 1 ko 2, ba wurin zama ba.

Rabin kuloci

Abin da 'yan tasha ke kira haf-kuloc yana da fuska da yawa, kuma mafi yawa shi ne wanda direba bai ma san yana yi ba: ɗora ƙafa a kan kuloci ana cikin tafiya. Zai ce ai bai taka ba, ajiyewa kawai ya yi. To amma nauyin ƙafa da takalmi ya isa ya sa boris ya riƙa juyawa ba hutu, ya kuma rage matsin da murfi ke yi wa faifai. Daga Kano zuwa Zariya a haka, an ci wani abu daga cikin jarin. Yawancin motoci suna da ɗan tudu a gefen hagu na kuloci, an yi shi musamman don ƙafa ta huta. Can ne gidanta.

Na biyu shi ne tsayawa a danja ko shingen jami'an tsaro da giya a ciki, kuloci a ƙasa. Faifai ba ya ci sosai a nan, amma boris yana ɗauke da dukkan nauyin sifirin muddin ƙafar na ƙasa. Boris ɗin nan ba shi da tsada, sai dai ba a isa gare shi sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Tsayuwar da za ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, a mayar da giya firi, a ɗauke ƙafa, a riƙe da birki.

Na uku shi ne na direban Golf ɗin nan, riƙe mota a hawa da kuloci. Wannan ya fi kowanne muni, domin nauyin mota da lodi gaba ɗaya yana rataye ne a kan fatar da ke gogar ƙarfe. Wasu direbobi har alfahari suke yi da shi, wai ƙwarewa ce mutum ya tsayar da mota a kan tudu ba birki. Gaskiya akwai gwaninta a ciki, amma gwaninta ce mai tsada. Hanyar da ta dace ba ta da wahala. Ka tsaya da birki, ka ja birkin hannu, ka sa firi. Idan hanya ta buɗe ka taka kuloci, ka sa lamba ɗaya, ka ba ta wuta kaɗan, ka ɗago ƙafa har ka ji gaban motar ya ɗan ɗaga, muryar inji ta sauya. A nan sai ka sauke birkin hannu. Ba za ta koma baya ko taku guda ba. Matsalar ita ce motocin haya da yawa birkin hannunsu ya mutu tun tuni, ba wanda ya damu ya gyara, alhali gyaran kebur ɗinsa ya fi aikin kuloci araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma na cunkoso. Mota ta gaba ta matsa mita 1, kai ma ka matsa mita 1 da rabin kuloci, sau 100 kafin ka fita daga Kantin Kwari. Abin da ya fi shi ne ka bari tazara ta ɗan samu, ka saki kuloci gaba ɗaya a lamba ɗaya, mota ta riƙa tafiya da sulonta ba tare da ka taɓa totur ba. Na san amsar direban Kano: ka bar tazara, Adaidaita uku sun shige. Haka ne, kuma ba ƙaramar hujja ba ce ga mai neman fasinja. Amma ko tazarar rabin mota ta rage gugar sosai.

Sai masu tashi da lamba biyu don ƙyuyar sauya giya, ko don sun ji an ce yana rage shan mai. Lamba biyu ba ta da ƙarfin ɗaga mota daga tsaye, don haka dole a daɗe a rabin kuloci kafin ta kama. Babbar mota marar lodi mai giya ta musamman ta ja, wannan daban. Ƙaramar mota cike da mutane, lamba ɗaya aka yi mata.

Tashi da sauya giya

Komai yana farawa ne daga kujera. Ka zauna yadda za ka iya kai kuloci har ƙasa gwiwarka na ɗan lanƙwashe. Wanda ya tura kujera can baya yana miƙe ƙafa da ƙyar, ba zai taɓa taka kuloci ya kai ƙarshe ba, kuma shi ne kullum giyarsa ke ƙara. Silifas mai zamewa ma ba abokin tuƙi ba ne.

Wajen kunna mota, giya a firi, kuloci a ƙasa. Hakan na rage wa kik da batir nauyi, musamman da sanyin safiyar hunturu lokacin da man giya ya yi kauri, kuma yana kare ka idan wani ya bar ta a giya.

Wajen tashi, ba a buƙatar inji ya yi kururuwa. Sulon mota yana wajen juyi 700 zuwa 900 a minti. Ka ɗaga shi kaɗan, kamar 1,200 zuwa 1,500, ka ɗago kuloci zuwa inda yake kamawa, ka dakata nan ɗan lokaci har tayoyi su fara juyawa, sannan ka saki sauran ka ɗauke ƙafa ɗungurungum. Wuta mai yawa da sakin kuloci a hankali, wannan ne girkin ƙauri. Sakin kuloci farat ɗaya kuma yana fizgar mota, ya wahalar da shaf da robobin da ke riƙe da inji.

Sauya giya zuwa sama tsari ne na abu huɗu da ke bin juna: ɗaga ƙafa daga totur, kuloci har ƙasa da sauri, giya, sannan sakin kuloci cikin natsuwa tare da mayar da wuta. Taka shi da hanzari, sake shi da lallami. Sandar giya kuma ba ta son dambe. A cikin giyabos akwai wasu zobba na tagulla da aikinsu shi ne daidaita gudun haƙora kafin su shiga juna. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara sa su a mota a 1928, kafin nan direbobi da yawa sai sun taka kuloci sau biyu a kowace sauyawa, yadda har yau direbobin wasu tsofaffin gingimari ke yi. Zobban nan suna buƙatar ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙiftawar ido. Ka fito da giya zuwa firi, ka ɗan numfasa, ka jingina ta da ƙofar giya ta gaba, za ka ji ta shige da kanta. Wanda ke cusa ta da ƙarfi zobban yake ci, kuma ranar da suka ƙare lamba biyu za ta fara gurnani duk safiya.

Haka nan ɗora hannu a kan sandar giya ana tafiya. Nauyin hannun yana sauka a kan cokulan da ke tura giya a ciki, suna gogar abin da ke juyawa. Hannu ya gama aikinsa ya koma sitiyari.

Yaushe ake sauyawa? A motar fetur, tafiyar yau da kullum, wajen juyi 2,000 zuwa 2,500. A ta dizal ƙasa da haka kaɗan. Idan akwai lodi, ko hawa, ko za a wuce wata mota, a bar inji ya ɗaga sama da haka, ba abin da zai same shi. Tun da mai ya yi tsada wasu suka ɗauki ɗabi'ar hayewa lamba huɗu ko biyar tun mota na tafiyar kilomita 30, sannan su danne totur. Za ka ji inji yana ƙwanƙwasa, mota na karkarwa. Wannan wahalar tana sauka a kan ƙarafan cikin inji, kuma a motocin dizal na zamani masu filawil mai hawa biyu, tana kashe filawil ɗin da ya fi kuloci kansa tsada. Garin neman ƙiba an samo rama.

Saukowa daga babbar giya zuwa ƙarama shi ne inda ake gane direba. Ƙaramar giya tana son inji ya fi gudu. Idan ka sauko daga huɗu zuwa uku ka saki kuloci haka kawai, faifai ne zai ja injin da ƙarfi ya ɗaga shi, mota ta yi tsalle, fasinja su yi gaba. Tsofaffin direbobi suna ɗan taɓa totur sau ɗaya yayin da kuloci ke ƙasa, inji ya ɗaga murya, sannan su saki. Idan aka dace, ko mai riƙe da kofin shayi ba zai san an sauya giya ba. A kuma kiyayi kuskuren faɗawa lamba biyu ana nufin huɗu a kan babban titi, domin tayoyi za su tilasta wa inji gudun da ya fi ƙarfinsa, kuma a nan take ake rasa inji.

Ribas kuwa a motoci da yawa ba ta da zoben tagullar nan. Sai mota ta tsaya cak. Ka taka kuloci, ka jira daƙiƙa 2, sannan ka sa. Idan ta ƙi shiga, ka koma firi, ka saki kuloci ka sake takawa, ko ka fara taɓa lamba ɗaya tukuna.

Firi a gangara

Wannan ce ɗabi'ar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mota ta kai kan tudu, direba ya zare giya ya sa firi, ko ya danne kuloci, ya bar ta ta gangara da nauyinta. Wasu har makulli suke murɗawa su kashe inji. Duk wanda ya shiga motar haya a 'yan shekarun nan ya ga haka, kuma da wuya fasinja ya yi magana.

Hujjarsu tana da asali. A zamanin Fijo mai kafireto, inji yana zuƙar mai muddin yana juyawa, don haka iyayen gidansu da suka koya musu ba ƙarya suka yi ba. Amma motocin da ke kan hanya yanzu kusan duka masu injekta ne, har da Golf ɗin shekarun 1990. A irinsu, idan mota na cikin giya tana gangara, ƙafa ba ta kan totur, ƙwaƙwalwar motar tana yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya inji. Idan ka sa firi kuwa, dole a ba inji mai don kada ya mutu. A gangara mai tsanani, inda ko yaya sai ka taka birki, mai firi ne ke ƙona mai, mai giya bai ƙona komai ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya mai ɗan gangare, na yarda firi na iya kai mota nesa kaɗan. To nawa ne ribar? Ƙaramar mota a sulo ba ta shan lita 1 a awa guda. Duk lissafin da za a yi a gangarar minti 3, a kan abin da bai cika kofin shayi ba ake magana.

Ga abin da ake bayarwa a madadinsa. Mota a giya, inji yana riƙe ta. Mota a firi, birki kaɗai ya rage. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko saukowa daga tsaunin Mambila, inda hanya ke murɗawa daga tsayin sama da mita 1,500, birkin da aka danne ba hutu yana zafi har fatarsa ta daina kamawa. Man birki kuma, idan ya tsufa ya sha danshi, yana iya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. A lokacin ne direba zai nemi mayar da giya, gudu ya riga ya yi yawa, ta ƙi shiga.

A babbar mota abin ya fi tsanani. Birkinta da iska yake aiki, injin ne kuma ke cika tankin iskar. A sulo yana cikawa a hankali, direba na ta taka birki yana zubarwa. Wanda ya kashe inji a ƙaramar mota kuwa, taku 2 ko 3 birkinsa zai yi tauri kamar dutse, sitiyari ya yi nauyi, idan ma makullin ya koma ƙarshe sitiyarin na iya kullewa. Sau da yawa idan aka ce birki ya tsinke, ba tsinkewa ya yi ba, dafa shi aka yi.

Kundin dokokin hanya na Birtaniya ya ware sashe guda yana gargaɗi kan wannan ɗabi'a. Tsofaffin direbobinmu ma suna da ƙa'idarsu da ta fi kowace sauƙin riƙewa: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Kuma tun a saman tudu ake sa ta, ba a tsakiya ba.

Kowa da nasa ƙorafin

Idan ka zauna da kanikawa, laifin direba ne. Sukan ce da sun ga faifai sun san halin mai motar. Wanda tsufa ya cinye, fatarsa ta siɗe daidai wa daida. Wanda aka ƙona, fatar ta yi ƙyalli ta farfashe, filawil ya yi tabo shuɗi-shuɗi.

Direbobi ba su yarda duka laifin nasu ba ne, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Motar da aka ƙera don mutum 5 tana ɗaukar 7 da buhunan hatsi, domin sai da haka za a haɗa kuɗin balas na mai mota, da na kamasho, da na mai. Hanya duk ramuka da tudun rage gudu da shingaye, kowanne sai an sauko lamba ɗaya. Sannan ga jabun kaya. Faifan da aka saya a kwali mai sunan babban kamfani, wata 4 ya mutu.

'Yan kasuwar kayan mota a Ƙofar Ruwa ko Panteka su ma za su ce maka suna da mai kyau suna da mai araha, mai saye ne ke zaɓa, kuma mafi yawa mai arahar suke nema. Wasu ma tsohon faifan ake sake buga wa fata.

Nasu kanikawan ma ba a rasa ba. Akwai mai sauya faifai kaɗai ya bar tsohon murfi da tsohon boris, bayan wata 6 a sake sauke giyabos, a sake biyan kuɗin aiki. Tunda aikin saukewar ne mai wahala, musamman a mota mai ja da gaba inda sai an zare shaf, hikima ita ce a sauya ukun a lokaci guda. Akwai mai mayar da sabon faifai ba tare da ya duba ko baƙin mai na ɗiga daga bayan inji ba, alhali mai idan ya taɓa fatar ta gama aiki. Akwai kuma mai ɗaure kebur tamau, ya hana kuloci ɗan wasan da ya kamata ya samu a sama, kamar faɗin yatsa, sai ya zama tamkar an ɗora masa ƙafa dare da rana.

Kafin ya ajiye ka a hanya

Kuloci ba ya mutuwar fuju'a, yana sallama. Ka taka totur a lamba huɗu a kan hawa, inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, ya fara zamewa ke nan. Wurin kamawarsa ya hau can sama. Mota na karkarwa wajen tashi. Wani ƙugi da ke zuwa idan ka taka ya ɗauke idan ka saki, boris ne ke kuka. Idan kuma giya na ƙin shiga inji na aiki amma tana shiga lafiya idan an kashe, kuloci ba ya saki, a duba kebur, ko a mota mai amfani da mai a duba ko ya ragu ko yana yoyo.

Mai sayen mota ta hannu yana iya gwadawa a fili: birkin hannu a ja, lamba uku, wuta kaɗan, a saki kuloci a hankali. Lafiyayye zai kashe inji nan take. Idan inji ya ci gaba da aiki, a sa kuɗin kuloci cikin ciniki. Sau ɗaya ake gwajin nan, domin shi ma yana ci.

Yashi da ruwan damina

Mota ta kafe a yashi ko taɓo, abu na farko da direba ke yi shi ne wuta da rabin kuloci, kuma minti 5 na haka na iya gamawa da faifan da ya rage masa shekara 2. Direbobin sahara ba sa yin haka. Suna rage iskar taya, su haƙe gaban tayoyin, su shimfiɗa abin da za ta taka, su saki kuloci gaba ɗaya da wuta kaɗan. In ta ƙi, a sauke lodi a tura.

Bayan an ratsa ruwa mai zurfi kuma, kada a ajiye mota kwana da kwanaki nan take. Faifan da ya jiƙe yana iya mannewa da filawil saboda tsatsa. A ɗan zaga da ita ta bushe tukuna.

Wa zai koyar?

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shar'anta cewa mai neman sabon lasin ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita. Amma kowa ya san inda akasarin direbobin haya ke fitowa. Yaron mota ne da ya shekara yana wanke gilashi yana ɗaure kaya, yana kallon ƙafar maigidansa. Abin da ya gani shi zai yi, mai kyau da marar kyau, ba wanda ya taɓa buɗe masa dalili. Wasu makarantun kuma sun koma koyarwa da otomatik saboda ɗalibai sun fi so. A Birtaniya wanda ya ci jarrabawa da otomatik ba a ba shi izinin tuƙa mai giyar hannu. A nan kuwa zai iya karɓar makullin Hayis gobe.

Ƙungiyoyin direbobi suna da reshe a kowace tasha, suna da shugabanni da ake jin maganarsu. Da za su ajiye mataccen faifai da ƙonannen filawil a ofishin tasha, bakanike ya zo ya yi wa yara bayanin rabin awa, da an rage asara mai yawa. Wanda ya riƙe faifan a hannunsa ya ga sirantar fatar, ƙafarsa ba za ta ƙara zama yadda take ba.

Mai koya wa ɗansa ko ƙaninsa kuma, kada ya fara da titi. Ya kai shi fili shimfiɗaɗɗe, irin filin Idi ranar da ba kowa. Lamba ɗaya, ƙafar dama a ajiye a ƙasa, ba totur ko kaɗan. Yaro ya riƙa ɗago kuloci a hankali har ya ji mota ta fara rarrafe da kanta, ya sake takawa, ya tsaya, ya sake. Za ta mutu masa sau 5 ko 10, kada a yi masa tsawa. Wajen karo na 20 ƙafar za ta gane wurin ba sai ya duba ba. Sai a ƙara masa totur. Birkin hannu da tudu kuma sai mako na biyu.